Shawarwari a zaure: zuwa aiki a kan keke a lokacin kaka

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan ce kakar farko da zan riƙa zuwa aiki a kan keke a ƙasar da itatuwa ke zubar da ganye kafin hunturu, kuma tun yanzu na ga hanya ta fara sauya hali. Da safe kwalta a jiƙe take ko ba a yi ruwa ba, da yamma kuma duhu yana neman riskata kafin in isa gida. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da ya fi dacewa in kiyaye, da abin da ya cancanci in saya.

Alhaji Garba: Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin maganar saye, ka fara da ganye. Busasshen ganye ba shi da wata illa, amma idan ruwa ya jiƙa shi, motoci suka bi ta kansa suka daddanne shi, yakan zama baƙin laushi mai santsi kamar sabulu, kuma a gefen titi yake taruwa, daidai inda mai keke yake bi. Abin da ya fi santsin muni shi ne abin da ganyen yake rufewa: rami, murfin magudanar ruwa na ƙarfe, ko bakin dakalin masu tafiya a ƙasa. Shawarata ita ce ka ɗan matsa daga gefe zuwa inda tayoyin motoci suka share, bayan ka waiwaya ka ba da alama da hannu. Idan kuwa babu makawa sai ka ratsa tarin ganye, ka rage gudu tun kafin ka isa, ka miƙe keken, kada ka matsa birki ko ka karya kwana alhali kana kansa. Haka za ka yi wa farin fentin titi da layin dogon taragon cikin gari, wanda ake tsallakawa a gicciye, domin idan ka bi shi a karkace tayar gaba tana iya faɗawa cikin tsagar.

Malama Hadiza: Na yarda da Alhaji, amma a ganina haske ya fi ganye hatsari, domin ganye kai kaɗai ne za ka yi fama da shi, haske kuwa ya shafi direban da ke bayanka. A wannan lokaci rana takan yi ƙasa-ƙasa daidai sa'ar tafiya aiki da ta dawowa. Idan kana fuskantar ranar har kana runtse ido, ka sani direban bayanka ma ita yake fuskanta, ta gilashin da wataƙila ya yi gumi, kuma mai yiwuwa ne bai gan ka ba sam. Idan kuma ka ga inuwarka ta yi tsawo a gabanka, to masu zuwa daga gaba, musamman masu shirin juyawa su ratsa hanyarka, su ne ranar ta kashe wa ido. Sannan ka tuna da sauya agogo: a yawancin Turai ana mayar da shi baya da awa 1 a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a yawancin Amurka da Kanada kuma a Lahadin farko ta Nuwamba. Ranar Litinin da ta biyo baya, wanda ya saba dawowa da sauran haske zai fito ya tarar da dare. Ka sayi farar fitila ta gaba da ja ta baya tun kafin wannan makon, ka kuma riƙa kunna su har da rana.

Malam Habibu: Na gode, Malama. Wacce ta fi, mai walƙiya ko mai haske tsaye?

Malama Hadiza: Da rana mai walƙiya ta fi jan hankali. Da dare kuwa na fi son mai haske tsaye, domin direba yana shan wahalar auna nisan fitilar da ke kunnuwa tana mutuwa. Ka duba dokar inda kake, domin Ingila ta yarda da mai walƙiya, Jamus kuwa ba ta yarda a maƙala ta a jikin keke ba. Ka sunkuyar da ta gaba kaɗan don kada ta kashe wa mutane ido, ka kuma sani sanyi yana rage ƙarfin batir.

Malam Isiyaku: Zan ƙara abu ɗaya a kan tufafi, domin mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Riga mai launin rawaya mai ƙyalli da hasken rana take aiki, da zarar duhu ya yi amfaninta ya ragu ƙwarai. Abin da ke aiki da dare shi ne kyallen da ke mayar da hasken fitilar mota, kuma wurin da ya fi dacewa da shi shi ne idon sawu, saboda hawa da saukar ƙafa a kan feda nan take yake sanar da direba cewa mutum ne a kan keke. Safar hannu kuma ba ado ba ce, domin yatsun da sanyi ya sandarar ba sa matsa birki a kan lokaci.

Alhaji Garba: Tunda an ambaci birki, idan naka mai kama gargare ne, ka sani a cikin ruwa ba ya ci nan take, sai ƙafar ta zagaya robar ta share ruwan tukuna. Ka riƙa taɓa shi a hankali tun kafin mahaɗa. Yashi da laka suna cinye robar da sauri a wannan lokaci, don haka ka riƙa dubawa, ka wanke sarƙa ka sa mata mai, ka ɗaura madigadi. Iskar taya kuma ka ɗan rage ta domin ta fi kama ƙasa.

Malam Isiyaku: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, a nan ina da ɗan ja. Ragewar tana da amfani, amma sanyi da kansa yana rage iskar taya, kuma tayar da ta yi laushi da yawa idan ta daki ramin da ganye ya ɓoye, gargare yakan datse tif ya fasa shi. Gara ya auna da famfo mai ma'auni kowane mako, kada iskar ta sauka ƙasa da mafi ƙarancin adadin da aka rubuta a gefen tayar.

Hajiya Rabi: Hanyata ta bayan gari ce, don haka abin da nake gani daban ne. Taraktocin girbi suna fitowa daga gona su bar taɓo a kan kwalta, barewa kuma suna yawan tsallaka titi da asuba da magariba a Oktoba da Nuwamba, kuma idan ɗaya ta wuce, sau da yawa wata tana biye. A ƙarshen kaka ka kula da ƙanƙara marar launi, wadda ke kama da jiƙaƙƙiyar kwalta. Tana iya samuwa ko da hasashen yanayi ya ce digiri 3 a ma'aunin Celsius, domin ƙasa ta fi iska sanyi bayan daren da babu gajimare, kuma gada da wuraren inuwa su ne ke fara daskarewa. Malam Habibu, akwai gada a hanyarka?

Malam Habibu: Akwai guda ɗaya, Hajiya, kuma a gangare take.

Hajiya Rabi: To duk safiyar da ka ga raɓa ta daskare a gilashin motocin da ke ajiye, ka sauka ka tura keken har ka tsallake ta, ko ka nemi wata hanyar ko da ta fi nisa.