Ladan kuturu da tarayyar Senegambiya

Malamin Hausa: Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski." Na ji wani yana kafa hujja da ita wai bai kamata Gambiya ta shiga tarayyar Senegambiya ba, wato haɗakar da aka yi tsakaninta da Senegal, ni kuwa ina ganin ya ɗora ta inda ba ta zauna ba. A watan Yulin 1981 aka yi yunƙurin kifar da gwamnatin shugaban Gambiya Dawda Jawara yana Landan, sojojin Senegal suka shigo suka mayar da shi kan karagarsa, sannan a Fabrairun 1982 tarayyar ta fara aiki, Abdou Diouf na Senegal yana shugaba, Jawara yana mataimakinsa. Tun da karin maganar cika alkawari take koyarwa, ai goyon bayan shigar ta yi.

Tsohon ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni tun tasowata a matsayin gargaɗi nake jin manya suna faɗin ta, wato ka dubi kan da za ka aske kafin ka miƙa hannu ga ladan. Abin da 'yan kasuwar Banjul, babban birnin Gambiya, suka ji wa tsoro a fili yake: ƙasarsu tana cin moriyar sauƙin kuɗin fito, ana sauke kaya a tasharta a wuce da su ƙasashen maƙwabta, kuma da an haɗe kwastan, an ajiye dalasi, kuɗin Gambiya, an ɗauki sefa kamar yadda Dakar take so, da wannan hanyar abinci ta toshe. Ƙasar da Senegal ta kewaye ta ko'ina in ban da bakin teku, da wane ƙarfi za ta ce a'a bayan ta sa hannu?

Malama daga Zinder: Alhaji, hujjarka tana da nauyi, amma ina da ja game da kalmar kuturu. A karin maganar, kuturu shi ne wanda kowa yake ƙyamar taɓawa, mai askin kuwa yana da zaɓin ya ƙi karɓar ladan tun farko. Jawara ba shi da wannan zaɓi a 1981, domin wanda wuta ta kama ɗakinsa ba ya tsayawa ciniki da mai kawo ruwa. Saboda haka nake ganin "Ba a sarki biyu a gari ɗaya" ta fi dacewa da masu adawa da tarayyar. A 1989 Jawara ya nemi a riƙa karɓa-karɓar shugabancin, Diouf bai amince ba, Senegal ta janye sojojinta, kuma a ƙarshen Satumban shekarar aka rushe tarayyar.

Malamin Hausa: Malama, na karɓi gyaranki a kan zaɓi. Sai dai har yanzu ina tambayar Alhaji: idan gargaɗi ce kawai, me ya sa ba a faɗin ta sai bayan mutum ya riga ya ci ladan yana neman zamewa?

Tsohon ɗan kasuwa: Domin na gefe ya ji, Malam. Wanda ya ci ake faɗa wa, amma wanda bai miƙa hannu ba tukuna shi ake nufi.