Wa ya kashe Ghana Airways, Amurka ko bashi?

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce Amurka ce ta kashe Ghana Airways, aka yi mini caa. Ina nan a kan bakana. A watan Yulin 2004 suka hana jiragenmu shiga ƙasarsu, hanyar New York da ta Baltimore suka toshe, shekara na zagayowa aka rufe kamfanin.

Kawu na Nima: Wa alaikumus salam. Ɗana, rai a hannun Allah Amurka ta tarar da shi. Tun 2002 wani mai bin bashi ya sa aka riƙe mana jirgi ƙirar DC-10 a filin Heathrow na Landan. Ranar da aka rufe, bashi ya kai dala miliyan 160. Hujjar Amurkawan kuwa ita ce lasisi ya ƙare, sannan an tashi da jirgin da suka ce a ajiye. Su suka hana mu sabunta takarda?

Hajiya ta Sabon Zango: Ku kuna lissafi, ni zuciyata ce ke ciwo. Ina yarinya muka raka mahaifina filin jirgin Kotoka na Ankara zai tafi aikin hajji, da akwatinsa na ƙarfe an rubuta sunansa da fenti. Ya nuna mini wutsiyar jirgin, ja da rawaya da kore, ga baƙin tauraro, ya ce namu ne. Shi ya kai shi Jidda, shi ya dawo mana da shi da jarkar zamzam da dabino. Yau alhazanmu sai an yi musu hayar jirgin wasu.

Malam na Madina: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Amma ciwon tun daga tushe yake. An kafa Ghana Airways a 1958, Gana na da kashi 60, kamfanin jiragen sama na Ingila, BOAC, na da 40. A 1961 Nkrumah ya saye rabon Turawan, ya kwaso jirage ƙirar Ilyushin 18 har guda takwas daga Tarayyar Sobiyat, alhali babu fasinjan da zai cika su. Siyasa ce ta saye su. Gwamnati ba ta iya kasuwanci ba.

Kawu na Nima: A nan mun raba hanya, Malam. Ethiopian Airlines na gwamnatin Habasha ne, ga shi kullum yana sauka Ankara. Antrak Air na marigayi Alhaji Asoma Banda kuma ba ruwansa da gwamnati, ya yi ta jigilar Kumasi da Tamale, shi ma ya tsaya a 2015. Abin da ya rasa a namu shi ne a bar masana su yi aiki, a riƙa biyan bashi kan kari.

Ɗan Mamobi: Na ji batun bashi, Kawu. To amma da ba a toshe hanyar Amurka ba, da ba a samu abin ragewa ba?

Kawu na Nima: Da wane jirgi? Ghana International Airlines da ya gaje shi a 2005 da sabon littafi ya fara, har da hannun 'yan kasuwar Amurkan a ciki. A 2010 shi ma ya ajiye fuka-fuki.