Shawarwari ga mai son zuwa tsibirin Gore

A majalisarmu ta Ƙofar Soro a Katsina, waɗanda suka je ziyara Kaulaha suka ratsa Dakar sun ba masu niyya shawara kan tsibirin Gore, wanda ke cikin teku daura da Dakar a ƙasar Senegal. Bakinsu ya zo ɗaya a kan sammako, jirgin ruwan da ke kai mutane can daga Dakar kamar minti 20 yake yi. Babu mota a can, sai ƙafa, don haka a sa takalmi mai ƙwari saboda hawan tudun Kastel, inda ake hango Dakar tar. Wani Alhaji ya nace a fara da Gidan Bayi, ginin 1776 da ya zama gidan tarihin cinikin bayi, kafin jama'a su cika, domin ɗakunan ƙasan matsattsu ne ƙwarai, kuma na ga gaskiyarsa. A riƙe ruwan sha da kuɗin sefa. Masallaci yana gindin tudun don sallar azahar.