Shawarwari Kan Wasannin Ƙarfafa Natsuwar Yara Masu Buƙata Ta Musamman

A wata tattaunawa da iyaye mata da malaman firamare suka yi da wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye na yankin Ringim, bakin mahalarta ya zo ɗaya kan cewa yaron da hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda ba taurin kai yake yi ba, don haka duka ba ya gyara shi.

An fi daɗewa ana magana kan wasannin ƙarfafa natsuwa da ake yi da kayan cikin gida. Uwa za ta iya zuba wake da gyaɗa a faifai ta sa yaro ya ware su, ko ta kifa ƙwarya uku ta ɓoye dabino a ƙarƙashin ɗaya ya nemo, muddin tana kusa, domin kada ya haɗiye ƙwaya. A fara da minti biyu ko uku a wuri marar hayaniya, a ambaci sunansa, a ba shi umarni ɗaya tak, sannan a yaba masa nan take. A ganina, shawarar da ta fi muhimmanci ita ce a tsaya kafin ya gaji, domin gobe ya dawo da marmari. Waƙar gaɗa da tafi ma suna koya masa jiran lokacinsa.

Game da waya, an tunatar da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, wadda ta ce kada lokacin da yara 'yan shekara 2 zuwa 4 ke ɗauka suna kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana.

Idan kuma yaro ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibiti a gwada jinsa tukuna.