Silon Peugeot 504 ɗina ya ƙi sauka

Mai 504:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Motar mahaifina ce, mai kafireta, ko ta yi zafi injin na ta ihu kamar na taka totur, allurar gudun inji na kan 1500 alhali da can 850 take zama. Jiya daga Mabera zuwa Tsohuwar Kasuwa sai da fetur ya ba ni tsoro wallahi. Na juya sukurun silo, wato na daidaita gudun inji in mota na tsaye, amma shiru.

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar sukurun nan tukuna, injin na shan iska ta ɓarauniyar hanya ne. Duba robar iska da ta tafi sabo (servo) na birki, zafin Sakkwato na busar da ita ta tsage, sannan gasket na gindin kafireta. Kunna motar ka kasa kunne, in ka ji tsiii to nan ne.

Ɗan Gawon Nama:
Malam ya yi gaskiya amma fara cire gidan iya kilina (matatar iska) ka leƙa cok, murfin da ke rage iskar kafireta, in bai buɗe duka ba silo ba ya sauka. Ni tawa ƙurar hunturu ce ta riƙe wayar totur, sifirin ma ya saki.

Mai 504:
Na gode Baba, robar ce, har yatsana ya shiga tsagar. Gobe zan sayo sabuwa in sha Allah.