Abin da aka tattauna kan harba wa furen okid kwayar halitta

Jama'a na bi duk maganganun da aka yi kan yadda ake cusa wa furen okid sabuwar kwayar halitta da bindiga ta musamman, ga abin da na tsinta:

1. Kowa ya yarda da yadda abin yake: a shafa DNA (sinadarin da ke dauke da gadon halitta) jikin garin zinare ko na karfen tongistin, a harba shi cikin kwayoyin tsiro da iskar hiliyum. John Sanford da abokansa suka kirkiro bindigar a jami'ar Cornell ta Amurka, a okid kuma an yi nasara da nau'in Dendrobium tun 1992 a Hawaii.

2. Ba ganye ake harbi ba, 'yan kululun nan kore da iri ke fitarwa cikin kwalba ake harba, in karfin ya yi yawa sai su yi baki su mutu.

3. Zinare ya fi, tongistin na da guba amma da araha.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce amfani da Agrobacterium (wata bakteriya da ke cusa DNA cikin tsiro) ya fi harbi, don bindiga na cusa kwafi barkatai har kwayar halittar da aka cusa ta ki aiki, wasu suka ce ai okid din ne ke wa bakteriya gardama.

Su kuma namu na Kaduna kukansu daya, kurar hunturu da dauke wuta, kwalba ta yi fumfuna kafin sati. Nima dai na taba asarar guda takwas haka.