Bidiyoyin TikTok kan kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa, dan Allah gaskiya suke faɗa?

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Tun satin da ya wuce nake cin karo da bidiyoyi a TikTok da Instagram akan ciwon nan da suke kira anurizim, wai jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta kumbura kamar balan-balan har wata rana ta fashe. Guda ɗaya kawai na kalla shikenan wayata ta cika da su. Wata ta ce in kana yawan ciwon kai da yamma ko idonka na rawa to alama ce, wani kuma wai ka danna gefen wuyanka in ka ji bugu da ƙarfi to kana da shi. Ni kuma na fi shekara 10 ina fama da ciwon ɓarin kai, yanzu bacci ma ya gagare ni, kaina na ɗan sarawa sai gabana ya faɗi. Wanne zan yarda da shi a ciki?

Hauwa_Nas:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki tukunna. Batun danna wuya ɗin nan ki watsar da shi gaba ɗaya, bugun da ake ji a wuya kowa na da shi, babbar jijiyar da ke kai jini kai ce, kuma ba kyau ma a riƙa dannata da ƙarfi. Rawar ido ma yawanci gajiya ce da rashin bacci. Babu wani gwaji na gida da zai nuna ciwon nan, sai hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a asibiti, na CT ko na MRI.

Abinda masu bidiyon basa faɗa shine kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan kumburin, kuma mafi yawansu har su bar duniya bazai fashe ba, bazasu ma san suna da shi ba saboda yawanci baya nuna alama ko ɗaya. Ƙananan, ƙasa da milimita 7, haɗarin fashewarsu kaɗan ne a galibin lokuta shi yasa likita kan ce a riƙa bibiya da hoto kawai. Toh amma wa zai tsaya kallon bidiyon da ya ce babu komai? Na tsoratarwa shi ke yawo.

Alamar da nake so ki riƙe ita ce wannan: ciwon kai da ya dirar wa mutum farat ɗaya kamar an buga masa guduma, cikin minti 1 ya kai ƙarshen zafi, irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa, wani lokacin da amai da sandarewar wuya ko suma. Ko kuma fatar ido ɗaya ta sauko ko mutum ya fara gani biyu-biyu kwatsam. Wannan ba a jira gari ya waye, kuma kar a bashi asfirin don yana ƙara zubar jini.

Abban_Khalil:
Anti Hauwa Allah ya saka da alheri, abinda kika faɗa shi ya faru da mahaifinmu sak. Yana zaune lafiya ƙalau sai ya riƙe kai ya ce kansa zai tsage, mu kuma muka ce hawan jininsa ne ya tashi muka bashi magani ya kwanta, sai washegari muka kai shi asibiti. Wallahi har yau awannin nan na damuna. Allah ya sa an yi masa aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya a cike kumburin da zaren ƙarfe, ya rayu amma ya daɗe kafin maganarsa ta dawo daidai. Ya sha taba shekaru masu yawa ga hawan jini da baya shan maganinsa akan lokaci, kuma likitan ya ce waɗannan biyun sune kan gaba wajen jawo abin. Ni ban taɓa ganin bidiyon minti 1 da ya tsaya akan taba da hawan jini ba, kullum sai jerin alamomi da kiɗa mai tada hankali.

Sadiq_M:
Ni dai bana goyon bayan a yi musu kuɗin goro. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na gaske a YouTube da TikTok ɗin, kuma da wani a gidansu Abban Khalil ya taɓa ganin bidiyo ɗaya mai kyau akan ciwon kan nan na farat ɗaya ƙila da a daren aka tafi asibiti. Ni abinda nake dubawa, shin mai maganar ya faɗi cikakken sunansa da aikinsa yadda za a iya bincika, sannan a ƙarshe me yake so ka yi. In ya ce ka je asibiti sai in saurara, in kuwa ya ce ka tura saƙo ka sayi maganin da zai narkar da kumburin to wucewa nake, babu ƙwaya ko wani haɗi da ke narkar da shi, aiki ake yi, ko ta bututun ko a buɗe kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe.

Ummu_Safiyya:
Na gode sosai, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Anti Hauwa saura tambaya ɗaya, ƙanwar mahaifiyata jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarta ta rasu, hakan na nufin nima sai na yi hoto?

Hauwa_Nas:
Allah ya jiƙanta da rahama. Zubar jini a ƙwaƙwalwa iri-iri ce, ba duka ne daga kumburin nan ba, ki tambayi Mama ko an gaya musu ainihin dalilin. Yawanci ana ba da shawarar hoto ne ga wanda mutum 2 ko fiye cikin iyayensa ko 'yan uwansa na ciki ɗaya ko 'ya'yansa suka samu, ko mai ciwon ƙodar nan ta gado mai ƙuraje masu ruwa da aka samu kumburin nan a danginsu. Ki je ki ga likita akan ciwon ɓarin kan naki, ki gaya masa labarin ƙanwar Mama, kuma ki sa a auna miki hawan jini ranar.